Shokar gaba tana zubar da mai, zan iya canza sil da kaina a gida?

Malamin Ƙauye: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masana ku taimaka. Babur ɗina 125 ne, irin ƙirar CG ɗin nan da ake haɗawa a China, shekararsa shida a hannuna. Kusan sati uku ke nan shokar gaba ta hagu tana jiƙewa da mai. Da farko ɗan zobe kawai nake gani a jikin ƙarfen mai ƙyalli, in goge da tsumma, in na je makaranta na dawo sai in tarar ya koma. Yanzu abin ya wuce nan, man har gangarowa yake yi, ƙura ta manne ta yi baƙi kamar gindin tukunya. In na kama birkin gaba kan babur ɗin nutsewa yake, in na faɗa rami kuma sai in ji ƙum har cikin kafaɗa. Kullum kilomita 18 nake yi zuwa, 18 dawowa, rabin hanyar burji ce. Bara an canza min sil, wato zoben robar da ke hana man shoka fita, a wani gareji, bai yi wata biyu ba ya fara tsatsafo. Shi ya sa nake so in gwada da hannuna ranar Asabar. Me zan tanada, kuma ta ina ake farawa?

Ɗan Kabu-kabu: Wa alaikumus salam Malam. Kai dai ka ɗaura tsumma a wurin ka ci gaba da harkarka. Motona shekara biyu da tsumma a shoka, in mai ya ƙare in buɗe sama in tuttula baƙin mai. Har yau buhu biyu nake ɗauka.

Baba Bakanike: Kai yaro, ka ji tsoron Allah. Mutum ya zo neman shawara za ka koya masa hanyar asibiti? Malam, kafin komai ka duba min abu ɗaya: man nan ya kai ga birki? In ƙafar da ke yoyo ita ce ta ɓangaren farantin birki, man yana bin ƙafar ya shiga ciki ya jiƙa shu, wato abin da ke kama taya in ka matse birki. Ranar da akuya za ta gifta maka, za ka matse hannu ka ji wayam.

Malamin Ƙauye: Baba, gaskiya kwana biyun nan birkin gaba ba ya kamawa kamar da. Ni na ɗauka waya ce ta saki.

Baba Bakanike: Ba waya ba ce. Ka sa shu a lissafin abin da za ka saya.

Injiniya: Malam barka da ƙoƙari. Kafin ka kwance komai akwai dabarar da ba ta cin ko sisi. Sau da yawa sil bai mutu ba, ƙwayar yashi ce ta maƙale a ƙarƙashin leɓensa ta ɗaga shi. Ka samu robar ruwan sha, ka yanko siririn yanki da almakashi, ka yi masa baki kamar ƙugiya, ka tabbata gefensa ba kaifi. Ka ɗaga robar ƙura ta sama, ka goge wurin tas, ka zura yankin a tsakanin sil da ƙarfen, ka zagaya da shi sau ɗaya kana jawo shi sama. Sai ka danna kan babur sau goma sha, ka goge, ka sake dannawa. In ya bushe ka huta.

Baba Bakanike: Dabarar gaskiya ce, ina yi wa masu sabon babur lokacin hunturu. Amma wanda ya yi sati uku yana zuba har ya fara buga ƙum, man da ya rage a ciki bai taka kara ya karya ba. Dole a buɗe. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar bara. Sil ba ya mutuwa a wata biyu haka kawai. Akwai abin da ke kashe shi, in ba ka gano shi ba, wanda za ka sa ranar Asabar ma bin sahun ɗan'uwansa zai yi.

Mai Kayan Gyara: Ko kuma jabu aka sa masa. Malam, in za ka saya kada ka je shago ka ce a ba ka sil ɗin 125, don 125 ɗin iri-iri ne. Ka cire tsohon ka riƙe a hannu. A fuskarsa akwai lamba uku, misali 31, 43, 10.5. Ta farko faɗin ramin ciki ne, wato kaurin ƙarfen shokarka a milimita, ta biyu faɗin waje, ta uku tsayinsa. Milimita ɗaya in ta bambanta aikin banza ka yi. Sannan ka matsa shi da yatsa: mai kyau leɓensa yana da laushi yana komawa, kuma ɗan siririn sifirin da ke zagaye da leɓen yana zaune daram. In ka ji roba ta bushe kamar tsohon silifa, ajiye masa kayansa. Ka sayi biyu, da robar ƙura biyu.

Malamin Ƙauye: Oga, ai ɗaya ce ke yoyo. Ta dama lafiyarta ƙalau.

Mai Kayan Gyara: Rana ɗaya aka haife su, hanya ɗaya suke bi. Kuma in ka zuba sabon mai a ɗaya ka bar tsoho a ɗaya, kan babur ba zai daidaita ba. Tunda taya za ta fita, ka gama da su gaba ɗaya.

Baba Bakanike: To Malam buɗe kunne, zan faɗa maka yadda nake yi, ka rubuta a takarda kada ka dogara da waya hannunka duk mai. Kayan aiki: sufanu, alanki mai tsawo, sukundireba mai faɗin baki, filaya, kananzir na wanki, tsumma mai tsabta, leda, sirinji babba ko kofin awo, da guntun faif ɗin roba na masu famfo wanda ƙarfen shoka zai shige cikinsa.

Ka kafa babur a kan tsayuwar tsakiya, ka sa bulo da katako a ƙarƙashin inji har tayar gaba ta bar ƙasa. Ka sa yaro ya riƙe baya, ko ka ɗora buhu a kan kariya. Na ga wanda babur ya kife masa a ƙafa saboda ya raina wannan.

Yanzu ga inda mutane ke kuskure. Tun shokar tana jikin babur, kafin ka sassauta notin da ya matse ta a ƙasan wuya, ka fara karya babban notin sama, wato ka motsa shi kaɗan ya saki. Karyawa kawai, kada ka cire. In ka bari sai ta fito hannunka, ba abin da zai riƙe maka ita, juyawa za ta yi ta yi, daga nan sai ka ɗauko filaya ka cije ƙarfen, ka kashe shi da hannunka. Haka kuma bayan ka zare shaf ɗin taya, ka leƙa ƙarƙashin ƙafar, akwai ƙusa mai kan alanki a ciki. Ita ma ka karya ta tun sifirin yana ciki, domin ƙarfin sifirin ne ke danne sandar ciki ya hana ta juyawa. Ka sa kwano, mai zai zubo.

Sai ka zare ƙafar. Wajen cire notin sama ka danna shi da tafin hannu kana juyawa, fuskarka a gefe, akwai sifirin a ƙarƙashinsa. Duk abin da ka fitar ka jera shi a kan kwali bi da bi yadda ya fito. Kuma ƙafa ɗaya za ka gama kafin ka taɓa ɗayar, in ka rikice ka samu abin dubawa.

Ɗan Kabu-kabu: Baba duk wannan dogon karatu a kan roba guda? Mu a nan minti ashirin yara ke yi.

Baba Bakanike: Shi ya sa kake yawo da tsumma shekara biyu.

'Yar Damagaram: Hahaha Baba ka gama da shi. Ni ma ina bin zancen nan, ƙaramin motona ya fara irin wannan zoben. Malam in ka yi ka ba mu labari, in ya yi kyau in sa ƙanena ya yi min.

Malamin Ƙauye: Insha Allahu Hajiya. To Baba, maganar mai fa? Wanda ya yi min bara baƙin mai na inji ya zuba, ina tsaye.

Injiniya: Nan ne zan yi magana. Man shoka daban, man inji daban. A cikin shoka akwai sanda mai ƙananan ramuka, in ka faɗa rami man ne ake matsawa ta cikinsu, wannan matsin shi ke hana sifirin wasan lilo da kai. In man ya yi kauri, kamar 20W-50 da ake zubawa a inji, da sanyin asuba ba ya wucewa da sauri, shokar ta sandare, duk bugun ya dawo hannunka. Kuma shi man shoka an yi shi ne don kada ya yi kumfa. Ka nemi wanda aka rubuta 10W na shoka. In babu, man giyar mota mai sarrafa kanta, jan nan da ake kira ATF, ya fi man inji kusa. Tsofaffin littattafan Honda da yawa shi suka ce a zuba.

Baba Bakanike: Injiniya, ban ƙi taka ba, amma bari in faɗi tawa. Na fi shekara talatin ina zuba man inji a shokar 'yan acaɓa, tun kafin a hana su aiki a Kano a 2013, kuma su da kansu suke cewa a zuba mai kauri, saboda mutum uku da buhu suke ɗauka, ga zafin rana da ke tsinka mai. Ban taɓa ganin man inji mai tsabta ya ci sil ba. Abin da ke ci shi ne wanda aka tsiyayo daga inji aka zuba, mai gari-garin ƙarfe a ciki. Wannan kam haramun ne a garejina.

Injiniya: Baba ai su nauyi suke so ta ɗauka, kuma ɗaukar nauyi aikin sifirin ne, mai kauri ɓoye matsalar kawai yake yi. Malam shi kaɗai yake hawa, a kan burji mai tsakuwa, da sassafe. Shi mai laushi ne zai yi masa daɗi.

Baba Bakanike: A kan Malam na yarda. In ya samu na shoka ya saya. Amma ka sani ba kowane gari ake samunsa ba, kada ka sa bawan Allah ya ajiye babur sati biyu yana jiran mai daga birni.

Mai Kayan Gyara: ATF dai ko'ina akwai, duk mai sayar da man mota yana da shi. Lita ɗaya ta yi masa yawa ma.

Malamin Ƙauye: Nawa zan zuba a kowace ƙafa?

Injiniya: Abin da littafin babur ɗinka ya ce, in kana da shi. Irin waɗannan ƙananan babura ba sa kaiwa rubu'in lita a ƙafa ɗaya. In ba littafi, ga hanya: tunda ta dama ba ta yoyo, ka juye man da ke cikinta a kofin awo, ka yi ta famfa ta har ya tsane, ka ga adadin. Ya ba ka kusan ma'auni. Abin da ya fi muhimmanci su zo daidai da juna. Bayan ka zuba, ka ja ƙarfen sama da ƙasa a hankali har kumfa ta daina fitowa, ka danna shi ƙasa gaba ɗaya ba sifirin a ciki, ka zura tsinke mai tsabta ka auna daga baki zuwa saman mai. Ƙafa biyun su ba ka tsawo ɗaya. Kada ka ce bari in ƙara don ta yi ƙarfi. Iskar da ta rage a sama ita ma aiki take yi, in ka cika mai ba ta da wurin matsuwa, sai ƙarfin ya huce a kan sil.

Shugaban Zaure: Na maƙala wannan zancen a sama saboda masu irin tambayar suna da yawa. Masu tallan fili da atamfa don Allah ku bari sai an gama.

Malamin Ƙauye: Jama'a barkanmu da Asabar. Na fara tun bayan karin kumallo, ga ni a tsakar gida, amma na maƙale. Ƙusar ƙasan nan ta alanki juyawa kawai take yi, ba ta fita ba ta ɗauruwa. Baba kana kusa?

Baba Bakanike: Ka cire sifirin kafin ka karya ta ko?

Malamin Ƙauye: Wallahi na manta, Baba. Takardar tana aljihu, ɗoki ya hana ni dubawa.

Baba Bakanike: Malamin makaranta da kansa bai duba allo ba. To ba komai. Hanya biyu ce. Ko ka mayar da sifirin ka ɗaura notin sama, ka kifa ƙafar a kan katako, wani ya danna ta da ƙarfi kai kuma ka fizgi alankin lokaci ɗaya, fizga ba ja a hankali ba. Ko ka samu sandar katako doguwa, ka fere bakinta ya yi tsini kaɗan, ka zura ta sama har ta cije kan sandar ciki, ka sa a danna maka ita kana kwancewa.

Malamin Ƙauye: Alhamdu lillahi ta fita! Sandar mofa ta uwargida na fere, ɗana ya hau kanta da nauyinsa. Man da ya fito bai cika ƙaramin kofin shayi ba, launinsa toka-toka, wari kamar ruɓaɓɓen kifi. Akwai wani ɗan ƙarfe kamar kofin kwalba da ya faɗo daga ciki, da wata 'yar washa ja.

Baba Bakanike: Toka-tokan nan ruwa ne ya shiga, da garin alminiyon. Ɗan kofin nan a gindin sandar ciki yake zama, shi ke tare shokar kada ta buga ƙarfe da ƙarfe in ta nutse har ƙasa. Kada ya ɓata, kuma kada ka manta da shi wajen haɗawa. Jar washar ta tagulla ce, ita ke hana mai fita ta ƙusar ƙasa, in ta lotse ka sa sabuwa.

Yanzu cire robar ƙura. A ƙarƙashinta akwai kilif na waya a cikin tsagi, ka zaƙulo shi da siririn sukundireba, ka tare da yatsa don tsalle yake yi. Sai ka shimfiɗa tsumma a bakin ƙafar, ka sa sukundireba mai faɗi a ƙarƙashin sil ka ɓanɓaro shi kaɗan-kaɗan kana zagayawa. Kada bakin ya karci bangon da sil ke zama, alminiyon ne, ba ya jure wasa. In ya ƙi, zuba wa wurin ruwan zafi daga waje, zai saki.

Injiniya: Ƙarin bayani ga masu manyan babura da ke karantawa: naku akwai wani zobe da ake kira bushi a ciki, ƙarfen ba ya zarewa haka kawai. Bayan an cire kilif, fizgar ƙarfen ake yi da ƙarfi sau da yawa har bushin ya turo sil waje. Kada ku ga na Malam ya zare salin-alin ku ɗauka naku ya lalace.

Malamin Ƙauye: Ya fita, na wanke komai da kananzir na shanya. Wane gefe ne sama a sabon?

Mai Kayan Gyara: Rubutu sama. Gefen da yake buɗe, inda kake hango ɗan sifirin, shi ke kallon mai.

Baba Bakanike: Ka shafa masa man shoka a leɓe da gefe. Ka zaunar da shi daidai ba karkace ba, ka ɗora tsohon a kansa, ka buga da faif ɗin a hankali kana zagayawa. Za ka ji sautin ya canza in ya kai ƙasa, kuma tsagin kilif zai bayyana gaba ɗaya. In kilif bai faɗa tsaginsa da kansa ba, sil bai zauna ba, kada ka tilasta. Amma tsaya tukuna, ka duba ƙarfen mai ƙyalli kuwa?

Malamin Ƙauye: Na duba Baba, ƙyalli yake yi kamar madubi.

Malamin Ƙauye: An gama kafin la'asar! Na haɗa, na zagaya gari, babur kamar sabo. Allah ya saka wa kowa da alheri. Na canza shu ma, tsohon ya jiƙe sharkaf.

Ɗan Kabu-kabu: Kash, da ka aiko min tsohon shu. Fetur ake zuba masa a kunna wuta, man ya ƙone, a goge da sanfefa ya koma aiki.

Injiniya: Don Allah kada kowa ya yi wannan. Fatar shu da gam aka manna ta a jikin ƙarfen. Wuta tana kashe gam ɗin, wata rana fatar ta ɓalle a cikin gangar birki ta kulle taya kana gudu.

Malamin Ƙauye: Jama'a na dawo, kuma ba da daɗi ba. Yau Laraba, kwana huɗu ke nan. Ta dama a bushe take ƙayau, ta hagun nan dai ta sake yin zobe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Anya ba jabu aka sayar min ba?

Mai Kayan Gyara: Malam, kwali ɗaya suka fito. In jabu ne me ya sa ta dama ba ta zuba ba? Ba don ina sayar da kaya nake faɗa ba.

Baba Bakanike: Na tambaye ka ranar Asabar ka ce min madubi. Da ido ka duba ko da farce?

Malamin Ƙauye: Da ido.

Baba Bakanike: To tashi yanzu, ba sai ka kwance komai ba. Ɗaga gaban babur shokar ta miƙe, ka goge ƙarfen, ka bi shi da farcen babban yatsa daga sama zuwa ƙasa, ka zagaye shi duka, musamman fuskar da ke kallon hanya. Ka yi a rana ko ka haska tocila daga gefe.

Malamin Ƙauye: Innalillahi. Baba akwai. Wasu ɗigo uku ne ƙanana kamar kan allura, kusan yatsa biyu sama da robar ƙura, ta gaba. Ido ba ya ganinsu sai na karkata tocila, amma farce yana tsayawa a kansu ƙyas. Ɗaya har da ɗan jan tsatsa a tsakiya.

Baba Bakanike: Ga ɓarawonka nan. Shi ya ci na bara, shi ya ci na Asabar. Tsakuwa ce ta doki ƙarfen ta fasa kurom, wato rufin nan mai ƙyalli, ruwa ya shiga, tsatsa ta ɗago gefen ramin ya yi kaifi. Duk nutsewar da shoka za ta yi sai wurin ya wuce ta leɓen sil kamar reza. A hanyarka ta burji sau nawa ke nan a rana? Babur ɗin nan ba shi da robar nan doguwa mai kama da zugazugi da ke rufe ƙarfen?

Malamin Ƙauye: Yana da ita da. Ta yage shekara biyu da suka wuce, na yanke ta na yar, na ga ma ya fi kyau a haka.

'Yar Damagaram: Wayyo, ni ma fa na sa an cire tawa don kwalliya.

Baba Bakanike: Hajiya ki mayar tun kafin ki shiga layin Malam.

Malamin Ƙauye: To yanzu sai sabon ƙarfe ke nan? Wata ya yi nisa, Baba.

Injiniya: Magana ta gaskiya sabo ne maganin dindindin. Kurom ɗin nan siriri ne ƙwarai, in ya fashe ba ya warkewa. Amma ɗigo uku ƙanana ana iya lallaɓa su. Sanfefa mai laushi sosai, lamba 1000 ko sama, ka jiƙa ta da mai, ka goge kaifin kawai har farce ya daina kamawa. Kada ka goga sama da ƙasa a miƙe, za ka yi wa mai hanyar fita. A karkace za ka bi, ko a zagaye.

Baba Bakanike: Ni kuma bayan an kashe kaifin, ina wanke ramin da fetur ya bushe, in ɗiga masa gam mai haɗi biyu ɗin nan da kan allura, in bar shi ya kwana, da safe in goge ya yi daidai da jikin ƙarfen. Na yi wa mutane da yawa, wasu ya kai su shekara, wasu wata uku gam ɗin ya fita.

Injiniya: Wannan fa Baba ciko ne, ba gyara ba.

Baba Bakanike: Ciko ne mana, na ce gyara ne? Mutum ya ce maka wata ya yi nisa. Ya cike ya kai albashi, sannan ya sayi ƙarfe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙarfen da ya lanƙwashe a kai shi a miƙe a mayar. Malam, tunda za ka sake fitar da shi, ka mirgina shi a kan gilashin tebur. In yana tafiya sumul, lafiya. In kana ganin haske yana buɗewa yana rufewa a ƙarƙashinsa, ya tanƙware, wannan kada ka ɓata gam ɗinka.

Mai Kayan Gyara: In za ka sayi ƙarfen ka tafi da tsohon a gwada tsawo da kauri da zaren sama, don suna kama da juna a ido. Irin na CG ba ya wuya, ƙirar tun 1975 take, kayanta sun cika kasuwa daga Nnewi har Ƙofar Ruwa. Kuma sil ɗin hagu sai sabo, wancan ya riga ya yanku.

Baba Bakanike: Wani abu kuma da na ga ba ka ambata ba ranar Asabar: leda. Na sa ta a lissafi, me ka yi da ita?

Malamin Ƙauye: Na zuba notuna a ciki.

Baba Bakanike: La ilaha illallahu. Laifina ne da ban fayyace ba. Bakin ƙarfen yana da kaifi. Duk lokacin da sil zai wuce ta kansa, ana rufa masa leda a shafa mai, sil ya zame ta kai, sannan a zare ledar. In ba haka ba tun kafin babur ya taka ƙasa ka yanke leɓen.

Ɗan Kabu-kabu: Ni dai na ce a ɗaura tsumma aka yi min ca. Ga shi Malam ya sayi sil uku.

'Yar Damagaram: Kai kuma ka sayi tsumma nawa?

Malamin Ƙauye: Salam jama'a. Yau kwana goma sha biyu da aiki na biyu, na ƙi yin magana da wuri saboda kunyar wancan karon. Na mirgina ƙarfen a gilashi, a miƙe yake. Na kashe kaifin da sanfefa 1200, na cike da gam ya kwana, na sa sabon sil da leda, na sa robar zugazugi a ƙafa biyun. Wannan karon awa ɗaya da rabi ya ɗauke ni. Kullum in na dawo sai na ɗaga robar na shafa farar takarda a jikin ƙarfen, har yau ba ɗigo. Abu ɗaya ne: da na haɗa, sai na ji shokar tana ɗan cijewa, ba ta dawowa da sauri.

Baba Bakanike: Ka ɗaure komai tun taya tana sama. Sassauta notin shaf da na madigadi da na ƙasan wuya kaɗan, ka duba saman ƙafa biyun tsayinsu ɗaya, ka sauke babur ƙasa, ka kama birki ka danna kan sau biyar shida ƙafafun su nemi wurin zamansu. Sannan ka ɗaure daga sama zuwa ƙasa, madigadi a ƙarshe.

Malamin Ƙauye: Na yi yanzu a ƙofar gida, ta saki. Tsohon man kuma na zuba a galan ban zubar a kwata ba, masu katako sun ce suna so.

'Yar Damagaram: Malam, faif ɗin da ka buga sil da shi inci nawa ne? Ƙanena ya duba nawa da farce, bai samu komai ba, gobe za mu buɗe.

Malamin Ƙauye: Hajiya ban san incinsa ba, ƙafar na ɗauka na je wurin mai kayan famfo muka yi ta gwadawa har muka samu wanda ya shige ya zauna a gefen sil. Ki ce ya goge bakin faif ɗin ya yi sumul kafin ya buga. Ya kuma tanadi sandar mofa tasa ta kansa, ni har yanzu ana bina bashin waccan.

Baba Bakanike: Albashi ya shigo ka sayi ƙarfen nan, Malam, kada ka ga ya bushe ka manta. Hajiya, in kun buɗe ku turo hoton lambar sil kafin ku saya.